Sauya Taga a Kwamfutar Tebur

Sauya taga ita ce hanyar da mai amfani da kwamfuta ke bi don ganin manhajojin da ke buɗe, da komawa daga wata zuwa wata ba tare da ya rufe ko ɗaya ba. Kowace manhaja na fitowa ne cikin wani fili mai kusurwa huɗu a kan allo, shi ake kira taga. Kome yawan tagogin, guda ɗaya tak ce ke karɓar abin da aka buga a madannai, ita ce ake cewa tana gaba. Sauran suna baya, wasu na ci gaba da aikinsu, wasu na jira.

Tarihi

Tagogi masu hawa kan juna kamar takardu a kan tebur sun samo asali ne a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, a kan na'urar Alto. Sai dai kwamfutocin da suka fara shiga gidaje ba su da ƙwaƙwalwar ɗaukar wannan nauyi. Macintosh ta farko, wadda Apple ya fitar a 1984, kilobayit 128 kacal take da shi, manhaja ɗaya take gudanarwa a lokaci guda. Wanda ke son saka zane cikin wasiƙa sai ya kwafi zanen, ya rufe manhajar zane, ya jira ta rubutu ta buɗe, sannan ya manna. In an yi kuskure, a sake bin layin daga farko.

Wannan wahala ce ta sa Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Macintosh, ya rubuta manhajar Switcher, wadda ta fito wajajen 1985. Tana raba ƙwaƙwalwar ga manhajoji da dama, da an latsa ɗan kibiyar da ke saman allo sai wannan ta zame gefe, wata ta shigo. Dabara ce mai kyau ƙwarai idan aka dubi ƙarancin kayan aikin zamanin. MultiFinder ta gaje ta a 1987, ta ba da damar ganin tagogin manhajoji daban-daban tare, daga bisani System 7, babbar manhajar Macintosh ta 1991, ta mayar da hakan dindindin.

A ɓangaren Microsoft, Windows 1.0 ta Nuwamban 1985 tana jera tagogi ne gefe da gefe. Sai a Windows 2.0 ta 1987 suka fara hawa kan juna. Apple ya kai ƙarar Microsoft a 1988 kan kamannin allon, shari'ar ta ƙare a tsakiyar shekarun 1990 ba tare da ya yi nasara ba.

Hawa kan juna ya zo da tasa matsalar: taga kan ɓuya a bayan wata, sabon mai koyo ya ɗauka ta rufe, ya sake buɗe manhajar. Windows 95 ta magance wannan da sandar ayyuka a ƙasan allo, inda kowace taga ke da maɓallinta a bayyane. Mac OS X ta zo da Dock, jerin tambarin manhajoji a ƙasan allo, a 2001, gadon da ta samu daga babbar manhajar NeXTSTEP. Exposé ta biyo baya a 2003, tana ƙanƙantar da dukkan tagogi ta baje su a allo, kafin a haɗe ta cikin Mission Control a 2011. Windows Vista ta gwada Flip 3D mai jera tagogi a karkace, amma ba ta daɗe ba. Task View ta Windows 10 ce ta karɓi wurinta a 2015.

Yadda ake yi

A Windows ana danne maɓallin Alt da babban yatsa, a taɓa maɓallin Tab. Jerin tagogi zai fito a tsakiyar allo, kowane taɓi na matsar da zaɓi gaba, da an saki Alt sai zaɓaɓɓiyar ta fito. Ƙara Shift na mayar da zaɓin baya. Jerin yana bin tagar da aka yi amfani da ita kwanan nan ne, ba wadda aka fara buɗewa ba. Shi ya sa mai kwafar lambobi daga rasiti zuwa jadawali taɓi ɗaya ke kai shi, taɓi ɗaya ya dawo da shi, ko da tagogi goma ne a buɗe.

A Mac, Command da Tab manhajoji suke sauyawa, ba tagogi ba. Takardu uku na manhaja guda tambari ɗaya za su nuna, kuma kewaya tsakaninsu na da nasa maɓallin daban. Wannan bambanci kan rikita wanda ya saba da Windows, kuma har yanzu ana saɓani kan wanne ya fi dacewa.

Linux

GNOME da KDE Plasma, manhajojin da ke tsara allo da tagogi a Linux, duk suna amfani da Alt da Tab, kuma ana iya canja tsarin yadda ake so.