Waiwaye: me ke sa mutum ya zama Kirista?

A gindin wata bishiyar dalbejiya a Gadarif ta ƙasar Sudan, muna jiran mai shayi ta sauke buta, wani dattijo Bahaushe wanda kakanninsa suka yada zango nan a kan hanyar hajji ya dube ni ya ce, "Ɗana, ku Kirista, me mutum ke yi ya zama naku? Wankan nan ne, ko zuwa coci?" Na ce, "Baba, bangaskiya ce tukuna." Bai gamsu ba, ban kuma ga laifinsa ba, don Kirista da kansu sun shafe ƙarnuka suna ja-in-ja a kan wannan.

Abin da ke taɓa zuciyata shi ne, ɗan ƙasar nan yana cikin na farko da maganar ta shafa. Littafin Ayyukan Manzanni sura 8 ya ba da labarin ma'ajin Kandakatu, wato sarautar matan Kush masu mulki daga Marawi ta dā, inda dalolin Bajrawiya suke tsaye kusa da Shandi. Bābā ne, wato namijin da aka dandaƙe, kuma bisa Shari'ar Musa irinsa ba ya shiga taron masu sujada. Yana cikin karusarsa yana karatun annabi Ishaya, Filibus mai bishara ya yi masa bayani, suka iske ruwa, shi da bakinsa ya nemi baftisma, wato wankan da dattijon ke nufi. Gaskatawa ta riga, ruwa ya biyo baya.

Wajen shekara ta 49 shugabannin Kirista na farko suka taru a Urushalima kan ko sai wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin a karɓe shi. Aka yanke cewa ba dole. Manzo Bulus ya rubuta wa Galatiyawa da zafi a kan haka, wasiƙar Yakubu kuwa ta ja kunne cewa bangaskiyar da ba aiki matacciya ce.

Nubiya, wato tsofaffin daulolin bakin kogin Nilu a Sudan da kudancin Masar, ta bi wata hanya dabam. A ƙarni na 6 masu bishara daga Rum ta Gabas suka fara da fada: daular Nobatiya wajen 543, daular Alwa mai hedikwata a Soba a 580. Sarki ya karɓa, talakawa suka bi. An gina majami'u masu ban sha'awa, zanen bangon majami'ar garin Faras da masana daga Poland suka tono tsakanin 1961 da 1964 shaida ne. Amma da gadon sarauta ya rushe, limamai suka ƙare, sai abin ya dusashe. A shekarun 1520 wani limami ɗan Portugal ya ga 'yan Nubiya a fadar sarkin Habasha suna roƙon a ba su limamai, aka sallame su hannu rabbana. A ganina addinin da ya jingina da fada da gini kaɗai, haka yakan ƙare, ko da yake ba na shakkar akwai masu bi da zuciya ɗaya a cikinsu.

A Turai, Martin Luther ya ta da maganar a 1517, ya tsaya kan bangaskiya kaɗai. Majalisar Trent ta Katolika ta mai da martani a 1547. Sai ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da mabiya Luther suka sa hannu cewa da alherin Allah ake karɓar mutum ta wurin gaskatawa da Almasihu, ayyukan kirki kuma 'ya'yan wannan ne.

Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "To, mu ma ai sai da niyya."