Mene ne "jinin shigar ciki" da ake ta yayatawa?

Kwanan nan duk inda ka leƙa, ko a TikTok ko a shirin lafiya na rediyo, sai ka ji ana ambaton "jinin shigar ciki". Mace ta ce ta ga ɗan ɗigon jini kafin lokacin al'adarta, ba ta rufe baki ba an fara yi mata barka. Har da masu raba launi: wai in ruwan hoda ne ko ƙasa-ƙasa to ciki ne, in kuwa ja ne wur to haila ce. Wannan rabon launin shi ya tsaya mini a rai.

Ma'anar kalmar dai ba ta da wuya. Idan maniyyi ya haɗu da ƙwan mace, ƙwan yakan gangaro ya manne a bangon mahaifa tsakanin kwana 6 zuwa 12 bayan fitarsa. An ce a wajen mannewar ne yakan taɓa ƙananan jijiyoyi har a ga ɗigo. An ce. Amma a jihar North Carolina ta Amurka an bi mata 221 masu neman haihuwa, ana auna fitsarinsu kullum, suna rubuta duk ranar da suka ga jini. Da aka fitar da sakamakon a 2003, cikin 151 da cikinsu ya tabbata, 14 kacal suka ga jini a makonni takwas na farko, wato kimanin kashi 9 cikin 100. Su ɗin ma yawanci dab da ranar da al'ada ta saba zuwa suka gan shi, da ƙyar ya dace da ranar mannewar. Ke nan tara cikin goma sun ɗauki cikinsu ba ko ɗigo.

Launin kuma? Jinin da ya daɗe kafin ya fito shi ne yake komawa ƙasa-ƙasa, ko me ya jawo shi. Yana gaya miki tsufan jinin ne kawai. Allurar tazarar haihuwa tana kawo irinsa, haka ƙwayar sha da robar da ake sakawa a dantse, haka ciwon sanyi ko tsiro a bakin mahaifa. Fitar ƙwai kanta takan zo wa wasu mata da ɗigo na kwana ɗaya ko biyu, saboda sinadarin estirojin yana ɗan sauka a lokacin.

A ganina ruɗanin ya samo asali ne daga wata kalma da ta girmi wannan nesa, wato "ɓatan wata". Kunya ce ta sa ake cewa wance ta yi ɓatan wata maimakon a fito fili a ce tana da ciki, har kalmomin biyu suka zama kamar abu guda a kunnenmu. Amma ki dubi kalmar. Wata na sama yana zagayowa a kwana 29 da rabi, ba ya saɓa alkawari. Mu kuma sai muka ɗora wa jikin mace wannan ƙa'idar, alhali mahaifa ba ta duba sama. Zagayen al'ada daga kwana 21 har 35 duk lafiya ne. Kuma kashi biyu gare shi: daga fitar ƙwai zuwa al'ada kusan kullum kwana 14 ne, ko ƙasa da haka kaɗan, amma daga al'ada zuwa fitar ƙwai nan ne ake samun tangarɗa. Zazzaɓi, damuwa, rama ko ƙiba ta farat ɗaya, shayarwa, matsalar maƙoƙo, duk suna iya jinkirta ƙwan. Al'adar da muke cewa ta makara, ƙwai ne ya makara tun farko, ita bin sa kawai take yi.

Ɗauki mace mai zagayen kwana 28, wadda ƙwanta ya saba fita a rana ta 14. A wannan karon ta yi jinya, ƙwan bai fita ba sai rana ta 24, ya kuma zo da ɗan ɗigo. Ta buɗe waya ta ga an ce jinin shigar ciki yana zuwa 'yan kwanaki kafin al'ada. Lissafi ya yi daidai! Rana ta 28 ta wuce shiru, zuciya ta fara bugawa. Ta yi gwajin ciki a rana ta 29, layi ɗaya ya fito, wato babu ciki. Sai a rana ta 38 jini ya zo, kuma ba za a rasa mai ce mata ai ɓari ta yi ba. Ta zauna tana kukan cikin da ba a taɓa yi ba.

To juya labarin. A ce a ranar ta 24 ɗin cikin ya shiga da gaske. Gwajin rana ta 29 layi ɗaya zai nuna shi ma, domin abin gwajin sinadarin hCG yake nema, shi kuwa ba ya samuwa sai bayan ƙwan ya manne, sannan ya riƙa ninkuwa duk bayan kwana biyu zuwa uku. Ɗigo iri ɗaya, gwaji iri ɗaya, ɗaya da ciki ɗaya babu. Wane launi ne zai raba su?

Shi ya sa nake cewa "jinin shigar ciki" suna ne da ya kamata a raɗa wa jini bayan gwaji ya yi magana, ba kafin nan ba. A yi gwajin daga ranar da al'ada ta ƙi zuwa, da fitsarin farko na safe. In layi ɗaya ya fito kuma shiru ya ci gaba, a sake bayan mako guda. Wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci ta ƙirga kwana 21 daga saduwar ƙarshe.

Inda kalmar take ba ni tsoro shi ne yadda take kwantar da hankalin da bai kamata ya kwanta ba. Ciki ɗaya ko biyu cikin 100 yana zama ne a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai yake bi zuwa mahaifa, kuma da irin wannan ɗigon ƙasa-ƙasa yakan fara. Idan al'ada ta makara, ga ɗigo, ga ciwo a gefe guda na mara, ko jiri, ko ciwo a saman kafaɗa, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, domin bututun yana iya fashewa jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani.