Tsaron riga-kafi ta intanet ga ƴan kasuwa da kamfanoni

Tsaron riga-kafi ta intanet shi ne matakan da kamfani ko ɗan kasuwa ke ɗauka tun barna ba ta auku ba, domin kare kuɗinsa da bayanan abokan cinikinsa da na'urorin da yake aiki da su. Ya bambanta da tsaron bayan fage, inda sai an wawashe asusu ko an kulle kwamfuta sannan a shiga neman mai gyara. Tushensa shi ne mai harka ya san abin da ya mallaka, ya gano ta inda ɓarawo zai iya shigowa, ya toshe, ya kuma tanadi hanyar farfaɗowa idan an ci ƙarfinsa.

A Damagaram batun ya taɓa kusan kowa. Ƴan kasuwar Dole da masu shaguna a Zango suna karɓar kuɗi ta salula, suna aikawa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, suna kuma daidaita farashi da dillalan Kano ta WhatsApp kafin kaya su baro can. Ke nan wayar da ke aljihun mai gida ta haɗa aikin asusu da littafin bashi da makullin shago.

Yadda ake kai hari

Hanyar da ta fi yawa ita ce yaudarar mutum, domin ta fi fasa na'ura sauƙi. Wani zai kira cikin ladabi ya ce: «Alhaji, daga kamfanin waya ne, an samu matsala a layinka, karanto mini lambobi shidan da suka shigo maka yanzu.» Lambobin nan na tabbatar da WhatsApp ne. Da zarar an faɗa, asusun ya koma hannun mai kiran, shi kuma sai ya bi abokan cinikin Alhaji ɗaya bayan ɗaya da sunansa da hotonsa, yana neman a tura kuɗin kaya ga wata sabuwar lamba. Akwai kuma saƙon bogi mai nuna kuɗi sun shigo alhali ba su shigo ba, wanda yake cin yaran shago lokacin da ciniki ya kankama, da kuma sace layi, wato a fitar da sabon sim da lambar mutum ba da saninsa ba.

Manyan ma'aikatu suna fuskantar abin da ya fi wannan tsari. A watan Nuwamban 2022 kamfanin tsaron intanet na Group-IB tare da sashen tsaro na kamfanin sadarwa na Orange sun bayyana wani gungun masu jin Faransanci da aka laƙaba wa OPERA1ER, wanda ya sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin sadarwa tsakanin 2018 da 2022, kuma Nijar na cikin ƙasashen da abin ya shafa. Wasiƙar imel ce ta bogi suke fara aika wa ma'aikaci. Idan sun shiga sai su yi watanni a laɓe suna nazarin yadda ake juya kuɗi, sannan su kwashe ta na'urorin cire kuɗi a ƙarshen mako ko ranar hutu. A 2023 aka kama wanda ake zargin jigo ne a gungun a ƙasar Kodebuwa. Watannin nan na laɓewa su ne hujja mafi ƙarfi ta riga-kafi, domin mai duba tsarinsa a kai a kai yana da damar ganin baƙo tun bai ɗauki komai ba.

Sai manhajar garkuwa da bayanai, mai kulle fayiloli har sai an biya fansa. A watan Mayun 2017 wadda ake kira WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar Windows da manhajar ke bi ta ciki tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ne suka faɗa.

Matakan kariya

Sabunta manhaja ne matakin farko, kuma nan ne ƙananan kamfanoni suka fi rauni. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, amma tsofaffin kwamfutoci da manhajojin da aka kwafo ba lasisi suna nan a shagunan buga takardu da ofisoshi da yawa. Filas ɗin USB na ajiye fayiloli da ke yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan shi ma yana ɗauke da cuta.

Na biyu shi ne tabbaci mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri a ƙara wata lamba ta daban. A WhatsApp saita shi bai fi minti biyu ba, kuma ko an yaudari mutum ya bayar da lambobi shidan, ɓarawon zai ci karo da wata ƙofar. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4 a 2021, kuma ta wani tsohon asusu marar irin wannan kariya aka shige shi.

Ajiyar bayanai tana da ƙa'idar da masana ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A gari mai fama da ɗaukewar wuta da zafi da ƙura, wannan yana ceton littafin bashi ko da babu wani ɓarawo. Sai dai ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba ba abin dogaro ba ce.

Sauran matakan na ɗabi'a ne, kuma su ne suka fi wuyar kafawa inda ciniki ke tafiya kan amana. Kowane ma'aikaci ya samu lambar sirrinsa, a soke ta ranar da ya bar aiki. Kada a saki kaya sai an duba ainihin abin da ke cikin asusu. Idan dillali ya turo sabuwar lambar biya, a kira shi ta tsohuwar lambarsa a ji daga bakinsa, ko da ana jin nauyinsa. Bankuna da manyan kamfanoni kan ƙara da hayar ƙwararru su gwada fasa tsarinsu da izini, su rubuto duk ɓarakar da suka gani.

Doka

Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a watan Yulin 2019. Tun 2017 kuma akwai dokar kare bayanan mutane, wadda aka sabunta a 2022, kuma hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, ce ke sa ido a kanta, yayin da hukumar ARCEP ke kula da kamfanonin sadarwa. A ƙarƙashin dokar bayanan, asibiti mai zaman kansa ko makaranta ko wakilin aika kuɗi da ke riƙe da sunaye da lambobin jama'a yana da alhakin tsare su. A matakin nahiya akwai Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014, ta fara aiki a 2023.