Kamun kifin crappie a ƙananan tafkunan Amurka: wanne za a tafi da shi gida, wanne za a mayar ruwa?

Wane irin kifi ne crappie?

Kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, mai faɗin jiki da siririn leɓe. Iri biyu ne, baƙi da fari, kuma masunta kan bambance su ta hanyar ƙirga ƙayoyin baya: baƙin yana da 7 ko 8, farin yana da 5 ko 6. Shi da wani ƙaramin kifi da ake kira bluegill da makamantansu Amurkawa na sa su a rukunin kifayen da ke shiga kwanon suya ɗungurungum. Ba ya wani girma. Farin da ya fi kowanne nauyi a tarihi an kama shi ne a madatsar ruwan Enid ta jihar Mississippi a 1957, kuma bai kai kilo biyu da rabi ba.

Yaya ake kama shi?

Da fatsa, ko dai a maƙala ɗan ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, ko a yi amfani da ƙugiya mai gashi ko roba da ke kama da abincinsa. Lokacin bazara, da ruwa ya fara ɗumi, sai su matso gaɓa su yi ƙwai kusa da itatuwan da suka nutse. Namijin ne ke share wurin, shi ne kuma ke gadin ƙwan, don haka duk abin da ya gifta sai ya kai masa cafka. Masunci sai ya bi a hankali wajen ja, domin leɓen ba ya jure fizga.

To me ya kawo gardama kan yawan da za a ɗauka, tunda doka ta yarda a kama?

Dokar jiha ce, tafki kuwa kowanne da halinsa. A Texas mutum na iya tafiya da crappie 25 a rana muddin kowanne ya kai inci 10, a Minnesota kuwa 10 ne a yawancin ruwaye. Babban tafki na iya ɗaukar wannan. Tafkin da za ka zagaye da ƙafa cikin rabin sa'a fa? Crappie a garke yake yawo. Idan mutum biyar suka gano inda garken yake, kowa yana cika adadinsa kullum har mako biyu, manyan sun ƙare ke nan, kuma babu wanda ya karya doka.

Na'ura ma ta ƙara wa abin zafi. Tun da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope a 2018, masunci na zaune a kwalekwale yana kallon kifi a allo yana motsi, ya zaɓi babba ya sauke masa ƙugiya a gaban baki. A 2024 Mississippi ta rage adadin da ake iya ɗauka a manyan tafkunanta huɗu, Grenada da Enid da Sardis da Arkabutla, daga 15 zuwa 10.

Ashe mafita ita ce a riƙa sakin duk abin da aka kama?

A'a, a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Crappie na da yawan haihuwa, musamman farin. A ƙaramin tafkin da babu isassun manyan kifaye masu cin 'ya'yansa, irin su largemouth bass, sai su cika ruwan, abinci ya gaza, su tsumbure. Ka kama kifi mai shekara huɗu ko biyar, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Duk wanda ya taɓa kiwon karfasa a kududdufi ya san wannan matsalar, shi ya sa ake zuba mata tarwaɗa ta rage 'ya'yan. Saboda haka ne hukumomin kifi na jihohi da dama ke ba masu ƙananan tafkuna shawarar kada su zuba crappie tun farko. Inda kuwa ya riga ya cika ruwa, wanda ya kwashi ƙanana ya soya ya taimaki tafkin.

Wanne ya kamata a ɗauka ke nan?

A ganina, matsakaita, gwargwadon abin da gida zai ci. Manyan a mayar. Kifin da ya kai inci 13 ko 14 a tafkunan arewa masu sanyi ya shafe shekaru kafin ya kai haka, kuma ba a maye gurbinsa a kaka ɗaya. Ga bluegill lamarin ya fi fitowa fili: idan aka kwashe manyan maza masu gadin ƙwai, ƙananan maza kan balaga da wuri, su juya ƙarfinsu ga haihuwa, girma ya tsaya. Wannan ne ya sa Minnesota ta rage adadin bluegill da danginsa da ake iya ɗauka a rana zuwa 5 ko 10 a wasu tafkuna tun daga 2021. Abin da ba na iya karewa shi ne cika firiza da kifi don kawai a ce an cika adadi, bayan shekara a zubar.

Akwai lokacin da sakin kifi ba alheri ba ne?

Akwai. Da hunturu, a jihohin da ruwa ke daskarewa, ana huda ƙanƙara a zura fatsa, crappie kuma kan taru can ƙasa a rami mai zurfi. Idan aka jawo shi daga zurfin da ya kai mita 9 ko fiye, iskar da ke cikin jakar cikinsa sai ta kumbura, idanu su firfito, ya kasa komawa ƙasa. Ana iya ganin ya bi ramin da aka huda a ƙanƙara ya ɓace, alhali yana can manne a ƙarƙashin ƙanƙara yana jiran mutuwa. A irin wannan wuri, duk wanda ka jawo, ƙarami ko babba, ka lissafa shi cikin rabonka. Da ka sami na miya sai ka naɗe fatsa, ko ka koma inda ruwa bai da zurfi.