Gizo-gizon da ke gonarka ba abokin gaba ba ne: tambayoyi da amsoshi

Wane gizo-gizo ake magana?

Siririn nan mai ƙafafu kamar an dasa musu ƙaya, wanda ke tsalle daga ganye zuwa ganye idan ka ratsa shinkafa ko wake. Masana na kiran danginsa Oxyopidae. Idanunsa 8.

To ina yanarsa?

Ba ya saƙa tarko. Laɓewa yake yi a ganye, ƙwaro ya matso ya daka masa tsalle.

Yana cin ganye?

A'a. Na gaji da wannan tambaya. Ƙwari yake ci, ƙwari kawai. Idan ka ga ganyenka ya huje, nemi tsutsa.

Idan yana gonata, in daina feshi ke nan?

Nan ne sai an bi a hankali. Yana cin ƙananan tsutsotsi, da ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye, da masu fukafukin da ke zuwa saka ƙwai. A fadamun shinkafa irin na Argungu da Suru wannan ba ƙaramin taimako ba ne, musamman kafin ƙwari su yi yawa. Amma tsutsar da ta riga ta shige cikin kara, ko cikin ɗan wake, ta fi ƙarfinsa, ba zai bi ta ciki ba. Shi ya sa ba zan ce wa mai wake ya ajiye famfo lokacin fure ba, zai iya tashi a tutar babu. Abin da nake cewa, duba gonar tukuna. Idan ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, kuma gizo-gizo na nan, ka dakata. Magunguna irin su cypermethrin ba sa zaɓe, har shi suke kashewa, kuma ƙwari sun fi shi saurin hayayyafa, sai su dawo su tarar ba mai tsaro. Idan feshin ya zama dole, bari sai yamma, ka bi awon da ke jikin kwalba. Masu ƙara murfi biyu don "ya fi ci", ku ji tsoron Allah, kuɗinku kuke ƙonawa.

Yana cizon mutum?

Da wuya, sai in ka matse shi ko ka taɓa macen da ke gadin ƙwanta. Kwantar da hankalinka, Malam, ba ya kisa.

An ce yana kama ƙudan zuma.

Gaskiya ne, yana kamawa idan ta sauka a fure. Duk da haka feshin tsakar rana ya fi shi hallaka su nesa ba kusa ba.

Ina zan sayo shi?

Ba sayowa ake yi ba. Bar ɗan ciyawa a gefen gona, ka daina banka wa kunya wuta, zai zo da kansa.