Sayen sabuwar mota, musaya da gyara: abin da dokar Najeriya ta ce

A ƙasan rasit ɗin dillalan mota da yawa akwai layin da ke cewa kaya in sun fita ba a dawo da su. Mutane na karantawa su ɗauka magana ta ƙare. A doka ba ta ƙare ba. Tun farkon 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ɗan kasuwa ba shi da ikon rubuta sharaɗin da zai soke haƙƙin da dokar ta ba mai saye. Sashe na 129 ne ya hana hakan. Ko ka sa hannu a ƙarƙashin layin, haƙƙinka na nan.

To mene ne haƙƙin? Sashe na 131 ya ce abin da aka sayar maka dole ya yi aikin da aka san irinsa da shi, ya kasance mai inganci, ba aibi, ya kuma ɗore na lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ɗora a kai: cikin wata uku daga ranar da aka damƙa maka kayan, in ya gaza cika waɗannan sharuɗɗa, kana iya mayar da shi, ba tara, kuma kuɗin mayarwar da haɗarinta na wuyan mai sayarwa. Shi kuma dole ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo maka da kuɗinka. Wannan garanti ne na doka, ba sai an rubuta maka ba, kuma daban yake da garantin kamfani na shekaru kaza ko kilomita kaza da ake ta yayatawa a talla. Wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu ba zai ga baƙon abu ba, don malamai sun daɗe da tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Amma kada a ɗora wa dokar abin da ba ta faɗa ba. Ba ta ce in ka kwana biyu da mota, uwargida ta ce launin bai yi mata ba, ka mayar a ba ka kuɗinka ba. Canza ra'ayi ba aibi ba ne. Na biyu, mafita uku ta jera, mayar da kuɗi ɗaya ce kawai daga ciki. Dillalin da ya karɓi motar ya gyara ta gyara na gaskiya yana da abin faɗa. Inda rigima take shi ne motar da giya ta fara fizga tun satin farko, aka kai, aka dawo, aka sake kaiwa, har wata ukun ya wuce ana ce maka “Alhaji a ƙara haƙuri, kayan na hanya”. A nan wanda ya kai ƙorafinsa da baki kawai ya shiga uku. Duk ranar da ka kai mota, ka karɓi takardar karɓar aiki mai kwanan wata, da kilomitar da ke kan mita, da matsalar da ka faɗa. Wannan takardar ce za ta nuna aibin ya bayyana cikin wa'adi, ko da gyaran ya ja har wata shida.

Wace ce “sabuwa”?

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan, kuma ita ce aka fi tsallakewa. A kasuwarmu sabuwa dal iri uku ce. Akwai wadda aka haɗa a gida, irin ta Innoson a Nnewi ko Peugeot a Kaduna. Akwai wadda wakilin kamfani na hukuma ya shigo da ita. Sai wadda ɗan kasuwa ya sayo a Dubai ko wata ƙasa ya kawo da kansa, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Ta ukun nan sabuwa ce, babu ƙarya, sai dai garantin kamfaninta yawanci na yankin da aka yi ta domin shi ne, kuma wakilin nan gida na iya cewa bai san da ita ba. Ka tambaya tun kafin ciniki ya faɗa: in inji ya ba da matsala, wane gareji ne zai karɓe ta kyauta? A rubuta sunansa. In dillalin ya fara kame-kame, ka san garantinka wata ukun doka ne kawai, kuma a kansa shi dillalin.

Akwai kuma wadda ba sabuwa ba ce sam, an dai yi mata wanka. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan hannu, ko wanda aka sabunta, ya bayyana hakan a fili. Abubuwa biyu za ka iya dubawa da idonka. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, wato 1423 na nufin sati na 14 na 2023. Motar da aka ce ta bana ce, tayoyinta huɗu kowace da shekararta, akwai magana. Sai lambar shasi, haruffa da lambobi 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Ta zama iri ɗaya a jikin mota, a takardar kwastan, a rasit. Harafi ɗaya ya saɓa, ka dakata.

Rasit ɗin ma doka ta yi magana a kansa. Sashe na 118 ya ce a ba mai saye rubutacciyar shaidar ciniki mai sunan kamfani, adireshi, kwanan wata, bayanin kaya, farashi da haraji. Takardar da aka rubuta “an karɓi kuɗin mota ɗaya, fara” aka buga hatimi ba za ta tsinana maka komai ba ranar da magana ta kai gaban hukuma.

Wanda ya ba da kafin alƙalami a kan motar da ba ta iso ba, sashe na 120 ya ba shi damar fasawa, sai dai mai kaya na iya cire wani abu daidai gwargwado. Cinye kuɗin gaba ɗaya bai halatta ba. Duk da haka cinikin biri a sama ne, a rubuta ranar isowa da abin da zai faru in ranar ta wuce.

Batun biyan kuɗi gajere ne. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta hanyar banki. Da farashin mota na yanzu, wannan ya rufe ƙofar zuwa da kuɗi a jaka. A tura ta asusun kamfanin, ba na yaron shago ba.

Takardar kwastan kuwa, laifin wanda ya shigo da mota kan bi motar har hannun wanda ya saya. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motar da ba a biya mata cikakken haraji ba kwastan na iya kama ta a hanya ko da kai ne mutum na uku da ya mallake ta. Ka je ofishin kwastan da lambar takardar a tabbatar maka kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

Musaya da ciko

Ka kawo tsohuwarka, ka yi ciko, ka tafi da sabuwa. Mutane na ganin ciniki ɗaya ne, alhali biyu ne: ka sayar, ka saya. Dillali ya fi son a yi maganar ciko kawai, saboda a nan ribarsa ke ɓuya. A ɗauka sabuwar ta miliyan 40 ce, taka kuma za ta yi miliyan 10 a kasuwa. Sai ya ce ya yi maka alheri, ya karɓi taka a 12, ka ciko 31. Ka ji daɗi an daraja motarka, ba ka lura an kai sabuwar 43 ba. Ranar da aibi ya fito aka zo mayar da kuɗi, tambayar farko ita ce nawa ka biya, kuma in takarda ciko kawai ta nuna, tsohuwar taka an riga an sayar da ita, sai a yi ta jayayya. A rubuta farashin kowace daban, da lambar shasin kowace.

A ɓangaren tsohuwar kai ne mai sayarwa, don haka nauyi ya juyo kanka. In ka ce ba ta taɓa haɗari ba alhali an taɓa miƙar da shasinta, dillalin na da ikon binka. In da bashin banki a kanta, ba taka ba ce kai kaɗai da za ka bayar. Ƙa'idar doka ita ce mutum ba ya ba wani mallakar da shi kansa ba shi da ita, kuma tun dokar 2017 ta jinginar da kadarori masu motsi akwai rajistar jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Banki, inda ake iya duba ko an jinginar da mota.

Abin da ya fi cutar da mutane a musaya shi ne sakaci da canjin mallaka. Mutum ya miƙa mukulli da takardu, da lambar motar a jikinta, ya tafi abinsa. Motar ta wuce hannu biyu, uku, sunansa na nan a rajista. Ranar da ta buge wani ko aka yi aika-aika da ita, ƙofarsa 'yan sanda za su fara ƙwanƙwasawa. A tsarin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, lamba na haɗe da mai mota ne. A yi takardar canjin mallaka, kowa ya sa hannu da shaidu, a kai ofishin lasisin motoci na jiha, ka kuma ajiye kwafi. La'adar dillali ba ta kai wannan muhimmanci ba, amma ita ake tsayawa a yi ta ja-in-ja a kanta.

In da bashi aka saya

Wanda ya karɓi mota a tsarin haya-zuwa-mallaka, Dokar Hire Purchase ta 1965 ta ba shi kariya da mutane da yawa ba su sani ba. In ya biya kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin, wato 60 cikin 100, mai motar ba shi da ikon zuwa ya ƙwace ta da ƙarfin tsiya, sai ya bi ta kotu. Wannan ya shafi masu motocin haya sosai. Amma ba kowane biya a hankali ba ne ya faɗa ƙarƙashin wannan doka. Murabaha irin ta bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da TAJ, saye da sayarwa ce da riba sananniya, kuma abin da zai faru in an kasa biya yana cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Shafin da za ka fara karantawa ke nan.

Bakanike da garanti

Babu dokar da ta tilasta maka kai motarka garejin kamfani. Motarka ce. Sai dai garantin kamfani yarjejeniya ce mai sharuɗɗa, kuma kusan kullum sharaɗin shi ne a yi sabis a kan lokaci a wurin da suka amince, a buga hatimi a ɗan littafin da ke cikin aljihun gaban mota. Juyen baƙin mai a bakin titi ya fi araha, gaskiya ne, amma in inji ya buga, littafin za su fara buɗewa. Su kuma gyare-gyaren da muka saba, cire tamastat, na'urar daidaita zafin inji, wai don ƙasarmu da zafi, haɗa fanka kai tsaye, yanke waya a sa na'urar bin sawu, duk hujja ce kake miƙa musu. Haka mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wanda ya yawaita bayan cire tallafin fetur a 2023: a nemi amincewar kamfani a rubuce tukuna. A ganina, shekarun garanti a daure a biya tsadar garejinsu, in sun ƙare kowa ya koma wurin bakanikensa.

Shi ma garejin akwai doka a kansa. Sashe na 130 ya ce mai aiki ya yi shi a kan lokaci, da ingancin da ake tsammani, ya kuma dawo maka da kayanka ba tare da ya lalata su ba. In aikin bai yi ba, ya sake ko ya mayar da wani ɓangare na kuɗin. In kuma kamfani ya gano lahani mai haɗari a wani samfuri, wajibi ne ya sanar ya janye, kamar yadda aka yi a duniya da jakar iskar kariya daga haɗari ta kamfanin Takata da ta shafi miliyoyin motocin Honda, Toyota da wasunsu. Irin wannan gyaran ba a biya.

Inshora kafin mota ta hau titi dole ce. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗin inshorar kare wani, ta motar gida, naira 15,000 a shekara, kuma inshorar tana biyan ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3. Ba ta biyan ko fitilar motarka. Ga sabuwar mota cikakkiyar inshora ce ke da amfani, ita kuma NAICOM ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Takardun bogi sun yi yawa a bakin ofisoshin lasisi, a duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID.

In dillali ya ƙi sauraro, sashe na 146 ya shimfiɗa hanyoyi: a fara da kamfanin, a rubuce, ko a kai ƙorafi FCCPC, wadda ke karɓa ta shafinta na intanet da ofisoshinta, ko a nufi kotu kai tsaye. Jihohi irin su Kano na da nasu hukumomin kare masu saye. Kuma sashe na 145 ya ce in aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja na kan wanda ya sayar, ba kan mai saye ba. Abin da za a nema a hannunka shi ne rasit, shaidar tura kuɗi, littafin sabis, takardun karɓar aiki, da wasiƙar da ka rubuta musu mai kwanan wata.