Tambayoyi da amsoshi game da Daraga, garin da ke zaune a gindin dutsen Mayon

A ina Daraga take, kuma wane irin gari ce?

Daraga ƙaramar hukuma ce a lardin Albay na ƙasar Filifin, a yankin da ake kira Bikol, wato zirin ƙasar da ya miƙe kudu maso gabas daga babban tsibirin Luzon. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 118, kuma ƙidayar shekarar 2020 ta nuna tana da mutane sama da 133,000. An raba ta gida 54, kowane gida ana kiransa barangay, wanda shi ne mataki mafi ƙanƙanta na mulki a ƙasar, yana da nasa zaɓaɓɓen shugaba da ƴar majalisarsa. A saman waɗannan akwai magajin gari da mataimakinsa da majalisar kansiloli, waɗanda ake zaɓa duk bayan shekara uku.

Garin ya haɗe da birnin Legazpi, hedikwatar lardin, har baƙo ba zai gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Amma Daraga ba ta taɓa teku ba, duk da cewa gaɓar Legazpi na kusa ƙwarai. Abin da ya mamaye idon duk wanda ya iso shi ne Mayon, dutse mai aman wuta da tsayinsa ya kai kimanin mita 2,460, wanda ya yi suna a duniya saboda daidaituwar surarsa ta kowane ɓangare. Birane da ƙananan hukumomi takwas ne suka raba gangaren dutsen a tsakaninsu, iyakokinsu duka suna haɗuwa a ƙololuwarsa, kuma Daraga na ɗaya daga cikinsu.

Me ya haɗa tarihin garin da wannan dutse?

Ba za a iya ba da tarihin Daraga ba sai an fara da Cagsawa, tsohon garin da ke can ƙasa kusa da gindin dutsen. Limaman Kirista na ɗariƙar Faransiskan ne suka kula da shi a zamanin mulkin mallakar Sifaniya, kuma cocin dutse da kangonsa ke nan har yau an gina shi ne a shekarar 1724. Mutanen Cagsawa sun san haɗarin wurin da suke zaune, domin tun a wajajen 1772 wasu daga cikinsu suka fara komawa kan tudun da ya zama tsakiyar Daraga ta yanzu, aka kuma gina musu coci a can a 1773.

Ranar 1 ga Fabrairu 1814 Mayon ya yi aman wutar da ya fi kowanne kisa a tarihinsa da aka rubuta. Duwatsu masu zafi da toka da laka sun afka wa Cagsawa da Budiao da wasu garuruwan da ke kewaye, mutane kimanin 1,200 suka rasa rayukansu. Waɗanda suka tsira daga Cagsawa ba su sake gina garinsu ba, sai suka haura tudu suka tare a Daraga, harkokin coci da na mulki suka bi su. Saboda haka Daraga gari ce ta waɗanda suka yi ƙaura, kuma shawarar da kakanninsu suka yanke ta barin kwari su hau tudu ita ce tushen duk abin da ya biyo baya.

Daga nan garin ya sha faman tsayawa da ƙafarsa. An haɗe shi da Legazpi fiye da sau ɗaya, ciki har da shekarar 1948, kafin a sake ware shi a 1954. A 1959 an sauya masa suna zuwa Locsin, amma sunan bai zauna ba, aka mayar masa da na asali a 1967.

Shin gaskiya ne cewa aman wutar ya binne cocin Cagsawa, hasumiyarsa kaɗai ta rage?

Wannan shi ne labarin da aka fi ba masu yawon buɗe ido, kuma yana da sauƙin karɓuwa, domin wanda ya tsaya a wurin yau hasumiyar ƙararrawa yake gani tsaye ita kaɗai, baƙa ƙirin, ciyawa na tsirowa a tsagogin duwatsunta, ga Mayon a bayanta. Sai dai akwai tsofaffin hotuna na farkon ƙarni na 20 da suka nuna bangon gaban cocin yana tsaye shekaru fiye da ɗari bayan 1814, abin da ke nufin ginin bai nutse gaba ɗaya a rana guda ba. Ya lalace ne a lokacin aman wutar, aka watsar da shi, sannan ya ci gaba da rushewa sannu a hankali. Wannan gyara bai rage komai daga girman musibar ba, kuma a ganina ya fi dacewa a girmama mamatan da labarin da ya tabbata maimakon wanda ya fi daɗin faɗa.

A yau wurin yana ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukumar Daraga da hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa. A bakin ƙofarsa akwai rumfunan masu sayar da jakunkuna da takalman saƙa da wuƙaƙe da ƙananan sassaƙe-sassaƙe na baƙin dutse, ga kuma matasa masu ɗaukar wa baƙi hoto da wayoyinsu. Kowane watan Fabrairu ana yin bikin tunawa da abin da ya faru.

Cocin da ke kan tudu fa, me ya bambanta shi?

Sunansa Nuestra Señora de la Porteria, kuma an gina shi ne da irin duwatsun da Mayon ya amayar. Fuskarsa cike take da sassaƙa: ginshiƙai huɗu murɗaɗɗu, siffofin waliyyan Kirista, da zanen ganyaye da furanni, irin salon da Sifaniyawa suka yaɗa a ƙasashen da suka mallaka amma hannun magina ƴan ƙasa ya ba shi nasa kamanni. Ya sami rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, aka gyara shi daga baya, kuma a shekarar 2007 gwamnati ta sanya shi cikin jerin manyan kayan tarihin ƙasa. Mafi yawan mazauna garin mabiya ɗariƙar Katolika ne, kuma cocin yana aiki har yanzu, ba gidan kallo ba ne kawai.

Wane harshe ake yi a can?

Bikol ba harshe guda ba ne, dangin harsuna ne masu kusanci da juna. Na bakin teku, wanda ake ji a biranen Naga da Legazpi, shi ne ya fi yaɗuwa a rediyo da coci da rubutu. Mutanen Daraga kuwa suna da nasu, wanda masana ke sanyawa cikin rukunin Miraya ta Gabas na harsunan cikin ƙasa na Albay, kuma ya bambanta da na Legazpi a kalmomi da lafazi duk da cewa garuruwan biyu suna manne da juna. Yaron Daraga kan tashi da harshen gida, ya iya na maƙwabta, sannan a makaranta ya koyi Filifino da Turanci. Matsalar ita ce harshen gidan ba ya samun rubutu sosai, kuma harshen da ba a rubutawa yana saurin ja da baya idan gari ya cika da baƙi.

Da me mutane suke rayuwa?

Noma yana nan daram a ƙauyukan da ke kewaye: shinkafa a fadamu, kwakwa a kan tudu, kayan lambu a gangaren dutsen inda tokar da ta daɗe ta mayar da ƙasa mai albarka. Yankin Bikol ya shahara da abaka, wata shuka mai kama da ayaba wadda ake cire zare daga jikinta a yi igiyar jirgin ruwa da takarda mai ƙwari da kayan saƙa, haka kuma da ƙwayar pili da ake soyawa da sukari a sayar wa matafiya. Ana kuma kwasar yashi da tsakuwa daga kwazazzaban da ke saukowa daga Mayon domin aikin gini, sana'ar da ke kawo kuɗi amma take jawo muhawara a lardin duk lokacin da ambaliya ta yi ɓarna.

Tsakiyar garin kuwa ta ciniki ce da sufuri da karatu, domin Jami'ar Bikol tana da reshe a Daraga, kuma mutane da yawa suna kwana a nan su yi aiki a Legazpi. Babban sauyi na baya-bayan nan shi ne filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa na Bikol, wanda aka buɗe a watan Oktoban 2021 a barangay ɗin Alobo, ya maye gurbin tsohon filin Legazpi. Tafiyar da ke cin dare guda a mota daga Manila, babban birnin ƙasar, ta kimanin sa'a ɗaya ce a jirgi, kuma duk wanda ya sauka, a ƙasar Daraga yake fara taka ƙafa.

Abincin yankin ya dogara ne da madarar kwakwa da barkono. Laing da pinangat ganyen gwaza ne da ake dafawa a cikin madarar kwakwa, na biyun a naɗe kamar ƙunshi. Musulmin da ya je can ya kamata ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin naman alade yana shiga girke-girke da dama, har da waɗanda a ido suke kama da na ganye zalla.

Dutsen yana da haɗari har yanzu?

Ƙwarai kuwa. Mayon shi ne dutsen da ya fi kowanne yawan aman wuta a Filifin, ya yi kusan sau hamsin tun daga 1616. A 1993 ya kashe mutane fiye da 70, galibinsu manoma da ke aiki a gonakinsu. A Janairun 2018 dubun dubatar mutane sun bar gidajensu, haka kuma a Yunin 2023 an sake kwashe dubbai.

Amma abin da ya fi yi wa Daraga illa a wannan zamani ba wuta ba ce, ruwa ne. Ranar 30 ga Nuwamba 2006 mahaukaciyar guguwar da ƴan ƙasar suka kira Reming ta zubar da ruwa mai yawan gaske a kan dutsen, watanni kaɗan bayan ya yi amai. Ruwan ya kwaso tokar da ta taru da yashi da manyan duwatsu, ya zama kogin laka mai nauyi da ake kira lahar, ya bi kwazazzabai ya faɗa wa unguwanni a Daraga da Legazpi da Guinobatan. Mutane kusan dubu ne suka mutu ko suka ɓace a lardin, gidaje da dama laka ta cika su har rufi. Darasin da aka koya mai ɗaci ne: dutsen zai iya kisa ko da yana barci, muddin akwai toka a jikinsa kuma aka yi ruwa mai ƙarfi, ga shi kuwa Bikol tana kan hanyar guguwowin da ke tasowa daga tekun Fasifik kowace shekara.

To me ya sa ba su tashi gaba ɗaya ba, kuma ta yaya suke kare kansu?

Mai tambayar nan yakan manta cewa gonar mutum ita ce jarinsa, kuma ƙasar da ta fi albarka ita ce mafi kusa da haɗari. Hukumar lura da duwatsu masu aman wuta da girgizar ƙasa, PHIVOLCS, ta ayyana kilomita shida daga bakin dutsen a matsayin yankin haɗari na dindindin, tana kuma fitar da gargaɗi mataki-mataki daga 0 zuwa 5. Idan mataki ya hau, akan faɗaɗa da'irar, a tura motoci su kwashe mazauna unguwanni irin su Miisi da Budiao zuwa makarantu da cibiyoyin da aka tanada, wani lokaci har da dabbobinsu, domin an gane cewa manomin da aka raba da saniyarsa zai saci jiki ya koma ya duba ta. Tun 1995 lardin Albay ya kafa ofishi na musamman mai kula da bala'o'i, kuma ya yi suna da manufar kwashe mutane tun kafin abu ya faru. An kuma gina sababbin matsugunai nesa da dutsen, kamar na Anislag a cikin Daraga.

Tsarin yana ceton rayuka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma yana da tsada ga talaka. Iyali kan shafe makonni ko watanni a cikin ajin makaranta, karatun yara ya tsaya ko a raba musu lokaci, kayan lambu su lalace a gona. Wanda aka ba gida a sabon matsuguni sau da yawa ba a ba shi gona a can ba, don haka yakan kwana a wuri mai aminci, da safe ya kama hanya ya koma noma a gangaren Mayon.